Rijiya Mai Baki Biyu

Ku samarin da kuke zama a bencin mai shayi na bakin tasha, da ku nake. Ran kasuwar Batsari da ta wuce ina gefe ina shan ruwan bunu, sai ɗayanku, mai gyaran wayar nan mai askin banza, ya ce wai haƙar rijiya ba sana'a ba ce, ko jaki aka ba diga zai yi rami. Kuka kwashe da dariya. Ban tanka ba, don na san bakina, in na fara sai an kira mai unguwa. Na ce bari in sa a takarda. Aji biyu na yi a sakandare, saboda haka wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa, kada ya zo ya dame ni. Sunana Sada. Na haura shekara talatin ina shiga ƙasa ina fitowa. Jaki zai iya yin rami, ban musa ba. Fitowar ce ba zai iya ba.

Rijiyar farko da na taɓa igiyarta a Runka take, bayan gidan wani mahauci. Mai aikin shi ne Baba Gambo, wani siririn dattijo mai ƙatuwar murya, wanda ko yana ƙasa gaba goma in ya yi magana sai ka ji kamar a bayanka yake tsaye. Babana ne ya kai ni wurinsa, ya ce ga shi nan, boko ya ƙi shi, a gwada ƙasa. Na zaci ranar za a miƙo mini diga. Igiya aka ba ni. Shekara biyu cur ina bakin rami ina jawo bokitin ƙasa ina zubarwa, ni da Lado, ɗan ƙanwar babana, taubashina, wanda har gobe shi ke riƙe mini igiya kuma har gobe bai daina zagina ba. Da na yi ƙorafi, Baba Gambo ya ce wanda bai iya riƙe ran wani ba, ba a sakar masa nasa. Gaskiyarsa. Tsakuwa kamar ƙwallon goruba in ta kuɓuce daga baki, kafin ta isa ƙasa ta zama harsashi. Shi ya sa mai igiya ba ya waiwaye, ba ya amsa gaisuwa da hannu, ba ya kallon 'yammata masu tallan fura. Lado ya sha mari a kan wannan na ƙarshen.

Kayan aikin ba su da yawa, jaki ɗaya ke ɗaukarsu. Akwai dagi, akwai diga mai gajeren ƙota, don doguwa ba ta da wurin juyawa a ciki. Akwai guntun shebur, da guduma da cizal na fasa dutse. Igiya biyu ce, ta kaya daban, ta mutum daban, ba a haɗa su ko da an yi sauri. Sai fitilar ƙwai. Kowace safiya ita ke fara sauka kafin mutum. In ta mutu a hanya, to iskar ƙasa ta ɓaci, sai a ɗaure rassan bedi a igiya a yi ta zurawa ana jawowa har iska ta canja. Na san mutum biyu da suka raina fitila. Duk na je jana'izarsu.

Amma babban kayan aiki wata 'yar sanda ce da ko akuya ba za ta kora ba. Ana yanke ta daidai faɗin rijiyar, duk kamu ɗaya da ka sauka sai ka juya ta ta zagaya. Wata rijiya a Karare ce ta koya mini darajarta. Ita ce ta farko da aka bar ni ciki ni kaɗai, na ga sandar na ɓata mini lokaci, na jingine ta na yi ta sara. Kwana huɗu na sauka gaba uku, ina ta hura hanci. Baba Gambo ya leƙo, ya sa Lado ya cika bokiti da ruwa ya zuro mini. Bokitin ya daki bango nan, ya daki bango can, ya juye a kaina gaba ɗaya. Sai muryar ta sauko:

"Ka ji? Haka gugan matan gidan nan zai riƙa yi kowace safiya. Shekara hamsin za su yi suna ambaton uwarka."

Kwana uku na yi ina kankare bango har ramin ya miƙe.

Ƙasarmu ta nan ba ta da sauƙi, duk wanda ya ga duwatsun da suka kewaye mu ya san akwai 'yan'uwansu a kwance a ƙasa. Za ka wuce jar ƙasa, ka shiga marmara, ka tarar da tsakuwa, sannan ruɓaɓɓen dutse mai farfashewa a hannu. In ka kai nan ka fara murmushi. Ƙasar za ta yi sanyi a tafin ƙafarka tun kafin ido ya ga komai. Sai ka damƙa ka ji ta dunƙule. Sai wani ɗan wuri kamar kwabo ya yi baƙi a gefe, ka sa yatsa ka tsokana, ka ga ya fara hawaye. Wannan shi ne idon ruwa. Ban san daɗin da kuke ji ba in wayar da ta mutu ta kawo wuta, amma ni in na cika hular kaina da jiƙaƙƙen yashi na aika sama, sai in tsaya in saurara. Sai guɗa ta sauko mini ta ramin nan kamar daga sama ta bakwai. Ranar har maƙwabta dama fura suke yi. Na taɓa fitowa a wani ƙauye na tarar da tsohuwar da ta shekara arba'in tana zuwa rafi tana rawa da sandarta, ba kiɗa ba komai.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Baba Gambo yana da wata al'ada in an kira shi duba wuri. Zai cire takalmi, ya zagaya gidan kansa a sunkuye, ya duba suri, ya duba inda ɓaure ko gawo yake, ya buga dagi nan ya buga can, wani lokaci har ya kwanta ya kara kunne a ƙasa. Mai gida yana biye da shi kamar mai bin gawa. Can sai ya je jikin katangar da ke fuskantar hanya, ya kafa dagin ya ce, "Nan ya fi." Kullum jikin katanga. Sai a haƙa rijiyar a ƙarƙashin katangar, a gitta azara a ɗora gini a kai, rabin baki yana cikin gida, rabi yana waje. Matan gida na ja daga ciki ba wanda ya gan su, mutanen unguwa da matafiya na ja daga waje. Mai baki biyu ke nan. Kuma ya sha gaya mana, bakin da ka buɗe da hannunka kada ka rufe shi da hannunka.

Shekara tara ina biye da shi ina jiran ranar da zai ba ni asirin jin ruwa. Bai ba ni ba. Na rabu da shi da wannan a wuyana, na ce tsohon nan marowaci ne, zai mutu da abinsa. Da na fara cin gashin kaina sai na yi amfani da ɗan bokona. Na ce tunda kullum a jikin katangar hanya yake samu, to lallai ruwa hanya yake bi a ƙarƙashin ƙasa, saboda takun mutane da na dabbobi yana danne shi ya taru a gefe. Na yi shekaru ina yi wa mutane wannan bayani, har malaman makaranta suna gyaɗa kai. Ina cire takalmi, ina kara kunne, ina ƙarewa a katanga. Ruwa kuma yana fitowa.

Masu ba da aiki iri-iri ne. Akwai wanda zai zauna a bakin rami tun safe yana koya maka sana'arka, shi da bai taɓa haƙa ko ramin gyaɗa mai kyau ba. Akwai wanda in aka yi kwana goma ba ruwa zai fara aiko da tuwo ba miya. Sannan aka shigo zamanin motar burtsatse, ta zo ta yi ƙara kwana biyu ta tafi, a zo da manyan riguna a yanka ƙyalle. Bayan damina biyu famfon ya karye, awaki su mai da wurin ɗakin kwana, a dawo ana cewa ina Sada. Ba a taɓa yanka mini ƙyalle ba. Ban ce ina so ba, faɗa dai nake.

Rijiyar da ta fi kowace kyau a hannuna ta gidan Alhaji Rabe ce mai takin zamani, a gefen garin Safana. A gaba bakwai muka ci karo da fa, shimfiɗaɗɗen dutse baƙi ƙirin, cizal na tashi kamar an buga a maƙera. Alhaji ya ce a bari. Na ce ba a bari. Muka riƙa hura masa wutar itace, in ya yi ja mu sheƙa ruwa, mu bar ramin ya wuni ya kwana hayaƙi ya fita, fitila ta sauka, sannan in shiga in kwashe abin da ya tsage. Mako uku muna wannan. Ranar da dutsen ya huje, ruwa ya taso har gwiwata kafin Lado ya jawo ni. Fari tas, mai sanyi, ba gishiri ba kanwa. Muka yi mata baki biyu. Mutane suka sa mata suna rijiyar Sada, duk da gidan na Alhaji ne, kuma na lura sunan bai yi masa daɗi ba.

Sai muguwar shekara ta zo, shekarar da mutanen daji suka matsa wa ƙauyukan yamma. Ba sai na ba ku labari ba, kun gani da idonku. Wanda bai san inda zai kwana ba ba ya haƙa rijiya, aiki ya tsaya cik. Mutane suka kwararo cikin gari da tabarmi da tukwane, da yawansu suka sauka a kangayen da ke bayan gidan Alhaji Rabe. Bakin rijiyar na waje ya zama kasuwa. Mata da jarkoki tun hantsi har la'asar, ga caɓi, ga hayaniya, ga faɗan layi. Shi kuwa Alhaji ya riga ya kwashe iyalinsa ya mai da Katsina, gidan ba kowa sai mahaifiyarsa, Hajiya Babba, wadda ta ce ba inda za ta, da wata mai yi mata aiki. Ya zo wata Juma'a motarsa ta kafe a caɓin. Washegari ya aiko a kira ni, ya ce in toshe bakin waje da bulo da siminti, na ciki kuma a yi masa murfin ƙarfe.

Na san maganar Baba Gambo. Na ce camfin tsofaffi ne, wata uku ban taɓa aiki ba, kuma duk cikin masu jan ruwan nan ba wadda ta taɓa ce mini sannu. Lado ya ce shi hannunsa na ciwo, ya koma gindin bedi ya zauna. Ni na kwaɓa, ni na jera. Matan suka ja baya da jarkokinsu suna kallo. Wata dattijuwa a cikinsu, Inna Hurera, mai baki kamar aska, ta matso ta tsaya a kaina har na sa bulo na ƙarshe.

"Sannu da aiki, guga," in ji ta.

Na ce mata sunana Sada.

"Na sani. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Ai kai ne gugan."

Daga ranar suka koma tafiya rafi mai nisa, wanda a lokacin ba kowa ke son ya je ba.

Bayan kamar wata biyu ruwan ya juya. Da farko ɗan bashi-bashi, daga baya wari sosai kamar ruɓaɓɓen ƙwai, da wani maiƙo a sama. Alhaji ya kira ni yana huci. Muka zura fitila ta mutu tun gaba huɗu. Muka kaɗa iska, na sauka, na lalube ƙasan nan kaf ina neman mushen ɓera ko ƙadangare. Ba komai. Muka kwarfe ta tas, ni da Lado, wuni guda. Ta kawo sabon ruwa mai kyau, na ce an gama. Mako uku wari ya dawo. Alhaji ya tsaya a bakin shagonsa ran kasuwa ya ce na haƙa masa rijiya a kan tsohuwar masai, na cuce shi. Ai kun san magana a kasuwa, kafin azahar ta riga ni isa Batsari. Rijiyar Sada ta koma rijiyar Sada mai wari. Da abubuwa suka ɗan lafa, mutanen wata unguwa a Karare da suka yi alkawarin ba ni rijiyar masallacinsu suka aiko cewa sun dakata tukuna. Mai haƙar rijiya ba shi da shago, ba shi da allo. Sunansa ne shagonsa. Rani ya raba ba wanda ya yi sallama da ni. Na tattara dagi da diga na ɗaure, na ce ran kasuwa zan kai wa masu sayen ƙarfe in koma lodin buhu.

Lado ne ya zo ya tarar da ƙunshin. Ya ce, "Kai ɗan kawu, dama ka fi kama da ɗan dako. Amma kafin nan ɗebo ruwan a gora mu kai wa tsoho ya sansana." Lokacin Baba Gambo ya baro Runka yana wurin ɗiyarsa a Safana, ido ya tafi, amma muryar tana nan. Na yi shekara uku ban je gaishe shi ba. Muka gaisa doguwar gaisuwa, ya tambayi kowa har jakin Lado. Sannan na miƙa masa gorar. Ya kai hanci, ya kawar da kai.

"Baki nawa gare ta?"

Na ce biyu na yi mata.

"Ban ce nawa ka yi ba. Nawa gare ta?"

Lado ya yi tari. Na ce ɗaya, shi ma da murfi. Ya tambayi guga nawa ake ja a wuni, na ce bai fi uku ba. Ya tambayi wa ya toshe. Lado ya ce, "Baba, wani jahili ne, ɗan sakandare."

Tsohon ya yi dariya har da hawaye a makafin idanun nan. Ya ce rijiya ai nonon saniya ce, in ana tatsa ta kawo sabo, in aka bari ya kwanta ya lalace. Ruwan da ba a ja ba, ba iska, ba rana, me zai yi in ba wari ba. Ni kuma abin da ke cina shekara da shekaru ya fito. Na ce da ya ba ni asirin tun farko da duk ba a yi haka ba.

"Wane asiri?"

Na ce na jin ruwa a jikin katanga.

"Sada, mi kunne zai ji a ƙasa in ba tururuwa ba? Itace da suri su ke gaya mini ko gidan na da ruwa. In yana da shi, taku goma nan ko can duk ɗaya ne. Ban taɓa ce ma kowa babu ruwa a tsakar gida ba. Cewa nake nan ya fi. Kuma ya fi. Mai gida ya samu ruwa mai rai, maƙwabci ya sha, lada ta bi shi har kabari ko bai yi niyya ba. In na ce mashi yi sadaka, sai ya ce zai yi shawara. In na kara kunne a ƙasa, ba ya musu."

Lado ya faɗi a tabarma yana riƙe ciki don dariya, yana cewa ruwa hanya yake bi, takun dabbobi ke danne shi. Har yau in muka yi faɗa da wannan yake gama ni.

Ran Juma'a na tare Alhaji Rabe a zaurensa. Ban iya lallashi ba, ban kuma gwada ba. Na ce masa rijiyarsa lafiya lau take, rowa ce ta ruɓar da ita, tasa da tawa. Ya ce in fita. Na kwance ƙunshin kayana na zube a gabansa, na ce ya ba ni kwana bakwai a buɗe bakin waje a cire murfi. In ranar bakwai ruwan bai shawu ba, kayan nan nasa ne, kuma ni da kaina zan tsaya a bakin shagonsa in ce na haƙa a kan masai. Yana cikin cewa shi ba zai sake mai da ƙofar gidansa kasuwa ba, sai ga muryar Hajiya Babba daga soro na ciki. Ashe tana ji. Ta ce tun da aka toshe bakin nan gidan ya zama kabari, da tana zaune a jikin katanga take jin wa ta haihu, wa ya dawo, wa aka yi wa rasuwa, yanzu sai kukan kurciya. Ta ce a buɗe, in caɓi ne damuwarsa ya sa a yi magudana. Alhaji ya sunkuyar da kai ya ce to, Hajiya.

Fasa bulon bai ɗauke ni sa'a guda ba. Wuyar ita ce masu ja. Mutum biyu ba za su iya abin da ake so ba, sai an yi ta ja kullum ba fashi. Na tafi kangaye na sami Inna Hurera tana tankaɗe. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa ba ta ɗago ba. Na faɗi abin da ya kawo ni.

"Wato da tana da daɗi ta Alhaji ce, yanzu da ta yi wari ta zama tamu."

Na ce haka ne, Inna, kuma ni na yi laifin. Ta ce ba za su zama magudanar kowa ba, su gyara a sake rufewa. Sai da aka kira liman, Alhaji ya faɗa a gabansa cewa bakin waje ya zama na jama'a har abada, sannan ta ɗaura gyale ta kira matan.

Kwana uku na farko warin ba a magana. Suna ja suna toshe hanci, ana zubawa a magudanar da muka yi, wasu masu bugun bulo suka zo suna kwasa. Matan suka sa mini waƙa, ba zan rubuta ta ba, akwai sunan guga a ciki. Rana ta huɗu warin na nan, na fara tunanin buhu nawa zan iya ɗauka a wuni. Ta biyar aka fara wanki da shi. Ni dai ba hancina nake bi ba, jakin Lado nake kallo. Duk wanda ya yi kiwo ya san jaki ba ya shan ƙazamin ruwa, ko zai mutu da ƙishi. Kullum muna ajiye masa a kwano, ya sansana ya ɗaga leɓe sama ya juya mana baya. Ranar shida da hantsi ya sansana, ya tsaya, ya kaɗa kunne. Sai ya sa baki. Ya shanye ya daki kwanon da ƙafa yana neman ƙari. Inna Hurera ta rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauka, daga cikin gida muka ji Hajiya Babba ta amsa da tata 'yar tsohuwar murya. Lado ya rungume jakin yana ce masa Alhaji.

Ranar bakwai Alhaji na gaskiya ya zo. Inna Hurera ce ta jawo ta miƙa masa a moɗa. Ya duba, ya sansana, ya kurɓa, ya shanye. Bai ce in yi haƙuri ba, manya ba sa faɗin wannan. Cewa ya yi in kwashe tarkacena daga zaurensa suna tare masa hanya. Bayan mako biyu ya sa aka shafe katangar da fenti aka rubuta sunansa da manyan baƙaƙe, wai sadakatul jariya. Duk wanda ya zo sai ya kai shi ya nuna masa. Ku je ku tambayi kowace yarinya mai jarka daga ina take, ku ji sunan da za ta faɗa. Ba ta iya karanta katanga ba.

Mutanen Karare da kansu suka zo, su uku a kan babur ɗaya, suka sha ruwan, suka ce ko zan fara ran Asabar. Bayan ta masallacin, wani mai gyaɗa a garin ya ce shi ma yana so a gidansa, amma a tsakar gida, kusa da madafa, don ba ya son damu. Na ce sai abin da ƙasa ta ce. Na cire takalmi. Na duba suri, na duba ɓauren bayan gida, na buga dagi nan na buga can, mutumin na biye da ni yana riƙe numfashi. Na kwanta na kara kunne a ƙasa, tururuwa ta cije ni a wuya, na daure. Lado ya juya baya yana ta gyaran igiyar da ba abin da ya same ta, kafaɗunsa na rawa. Na tashi na kakkaɓe riga, na taka har jikin katangar hanya, na kafa dagin.

Mai gidan ya ce, "Malam Sada, nan ne?"

Na ce, "Nan ya fi."

Wanda ya karanta wannan a cikinku ya riƙe bakinsa, akwai gidaje da yawa da ban kai ba tukuna. Shi kuma mai gyaran waya, in har yanzu yana ganin aikin jaki ne, ran Asabar muna da aiki a bayan kasuwa. Ya zo da sassafe. Ba diga zan ba shi ba. Igiya ce.